Kafin a Ce "Sai Fomat": Waiwaye Kan Tsofaffin Kwamfutocin Rano da Kibiya

A shekarun da Windows XP ke cin kasuwarsa, daga ƙarshen 2001 zuwa wajen 2012, akwai wani layin Turanci da masu shagon buga takardu ba sa ƙaunar gani. Ana cikin aiki da rana tsaka sai a ɗauke wuta. A tayar da janareta, a danna makunni, maimakon tutar nan mai launi huɗu sai baƙin allo ya fito da farin rubutu, yana cewa wani fayil ya ɓata ko ya lalace: \WINDOWS\SYSTEM32\CONFIG\SYSTEM. Wata rana saƙon ma bai kai haka tsawo ba, "NTLDR is missing" ne kawai, da umarnin a danna Ctrl da Alt da Del. Ko sau goma aka danna, amsar ba ta canzawa.

A cikin birnin Kano wannan ɓacin ran yini guda ne. A Rano ko Kibiya kuwa tafiya ce ta kama mutum. Za a zare wayoyi, a naɗe akwatin da zane ko a cusa shi a kwali, a rungume shi a mota ta Bunkure da Karfi har birni, inda masu gyara suka fi yawa. Wanda ya taso daga Tarai ko Saya-Saya ko Rurum sai ya fara da babur kafin ya kai tasha. Bayan duk wannan wahala, hukuncin da ake yankewa kusan kullum iri ɗaya ne: "Alhaji, window ɗin ne ya tafi. Sai dai a yi mata fomat."

Abin da yawancin masu kwamfutar ba su sani ba, wasu masu gyaran kuma suka sani amma ba su ga ribar faɗa ba, shi ne na'urar tana ɗauke da maganinta a cikin cikinta. Tun daga Windows 95 kamfanin Microsoft ya sa ta riƙa ajiye kwafin fayilolin da ba ta iya tashi sai da su. A lokuta da dama umarni ɗaya ko biyar ne ke tsakanin mai kaya da takardunsa. An yi shekaru ana goge takardun mutane, waɗanda ba su da na biyu a duniya, domin a maido da Windows ɗin da faifansa ke kowane lungu na Sabon Gari.

Kwamfutocin da suka fara shiga gidaje da shaguna a wannan yanki ba sababbi ba ne. Kamfanin Zinox ya fara haɗa nasa a Legas a 2001, amma wannan ta ma'aikatu ce da masu hali. Malamin makaranta ko ma'aikacin ƙaramar hukuma da ya tara 'yan kuɗinsa, ƙarfinsa na ta-hannu ne: Compaq ko Dell ko HP mai Pentium III, daga baya Pentium 4, wadda wani ofis a Turai ko Amurka ya gama morewa. A watan Oktoban 2005 ƙungiyar Basel Action Network ta Amurka ta fitar da rahoto kan wannan ciniki. Ta ce kimanin kwantena 500 na tsofaffin kayan kwamfuta ke sauka a tashar jiragen ruwa ta Legas duk wata, kuma masu harkar sun shaida mata cewa har kashi 75 cikin ɗari kan zama tarkacen da ba ya gyaruwa. Masu binciken sun buɗe wasu had-dis, wato faifan ajiyar da ke cikin akwatin, suka iske wasiƙu da bayanan tsofaffin masu su ba a goge ba. Takardun Baturen da ya yar sun ƙetaro teku lafiya lau, na wanda ya saya a Rano kuwa da ƙyar suke ganin damina biyu.

Ta-hannun nan tsirara take zuwa. Babu faifan Windows na asali, babu littafi, babu faifan direbobi, wato ƙananan manhajojin da ke sa kwamfuta ta gane katin sautinta da na hotonta da firintar da aka jona mata. Sannan ta faɗo ƙasar da ba don ita aka ƙera ta ba. Ƙurar hunturu ta toshe fanka, zafin Maris da Afrilu ya haura digiri 40 a ɗakin kwano, ɗan batirin nan mai kamar kwabo da ke riƙe mata kwanan wata ya mutu, kullum da safe sai an danna F1. Sai uwa uba wuta. NEPA ta koma PHCN a 2005, KEDCO ya karɓi rarraba wutar Kano da Katsina da Jigawa a 2013, amma a garuruwan da ke wajen birni janareta bai taɓa yin ritaya ba. Mai hali ya sayi UPS, shi ma batirinsa zafi kan kashe shi, a wayi gari aikinsa kawai ƙara.

Me ya sa ɗaukewar wuta ke kashe Windows, alhali ba ta kashe talabijin? Saboda rajista. Windows yana da wani kundi da yake rubuta komai a ciki: wace na'ura aka jona, wane direba za a kira idan an kunna, wace manhaja ce ke buɗe wane irin fayil, waye mai izinin shiga. Ba ya rabuwa da wannan kundi, yana karantawa yana rubutawa muddin yana kunne. Idan wuta ta yanke yana tsakiyar rubutu, sai a samu rabin shafi sabo rabi tsoho, washegari ya duba ya kasa gane hannunsa. Duk sauran kayan suna nan, wasiƙu da hotuna da lissafin shago ba abin da ya taɓa su. Ƙofar shiga ce kawai ta cije.

A Windows 95 rajistar fayil biyu ce, SYSTEM.DAT da USER.DAT. Duk lokacin da kwamfuta ta tashi lafiya, sai ya kwafe su da sunan SYSTEM.DA0 da USER.DA0. Idan na ainihin suka lalace, mai gyara ya shiga ta baƙin allon DOS, ya yi amfani da umarnin attrib ya cire musu alamar ɓoyo da ta kariya, ya ɗora kwafin a kan lalatattun. Aikin minti biyar ne ga wanda ya iya. Raunin tsarin shi ne kwafi ɗaya tak ake ajiyewa. Idan kwamfutar ta samu ta lallaɓa ta tashi da gurguwar rajista, gurguwar za ta kwafa ta danne mai lafiyar.

Windows 98 ne ya gyara wannan, kuma har yau tsofaffin masu gyara kan yaba masa. Kowace rana, a tashin farko, yana tattara fayil huɗu, rajistar biyu da SYSTEM.INI da WIN.INI, ya matse su a ƙunshi guda ya ajiye a wata ɓoyayyiyar jaka mai suna Sysbckup. Ƙunshi biyar yake riƙewa, sabo ya shigo mafi tsufa ya fita. Ranar da abu ya ɓaci, a danna F8 tana cikin tashi, a zaɓi DOS, a rubuta scanreg /restore. Sai jerin kwanaki biyar ya fito, mutum ya zaɓi ranar da ya san kwamfutarsa ƙalau take. Shi ke nan. Babu zuwa birni, babu kuɗin mota. Kalma biyu ne da duk wanda ya iya buga wasiƙa zai iya bugawa, amma ba a koyar da su a makarantun koyon kwamfuta na wata uku, inda darasi ke farawa da Microsoft Word ya ƙare da CorelDraw.

Akwai kuma fulofin tayarwa, wanda Windows ke roƙon a yi tun ranar da ake ɗora shi. Fulofi megabait 1.44 yake ɗauka, ya ishi AUTOEXEC.BAT da CONFIG.SYS da 'yan kayan aikin DOS, amma rajistar da ta ɗan kwana biyu ta fi ƙarfinsa. Kuma ba ya shiri da ƙura. A ajiye shi a aljihun tebur wata shida, ranar da ake nemansa ya shiga ya yi ta ƙugi, ya ce ba ya karantuwa.

XP ya zo da alkawari mafi girma. System Restore, wanda aka fara sa wa Windows Me a 2000, yana ɗaukar hoton tsarin kwamfutar kusan duk sa'o'i 24 da kuma duk lokacin da aka ɗora sabon direba, ya riƙe har tsawon kwana 90, a filin da bai wuce kashi 12 cikin ɗari na faifan ba. Sai dai ba a nan gizo ke saƙa ba: kafin a yi amfani da shi dole Windows ya tashi, shi kuwa saƙon baƙin allon nan ma'anarsa ke nan ya ƙi tashi. Hanyar da Microsoft ya wallafa doguwa ce. A tayar da kwamfuta da faifan XP, a shiga Recovery Console. A can akwai fayil biyar na rajista, system da software da sam da security da default. A kawar da lalatattun gefe, a kwafo tsofaffi daga jakar repair, waɗanda tun ranar ɗora Windows suke nan. Da su kwamfutar za ta tashi, amma a matsayin wadda ba ta san komai ba, ba ta tuna manhajojin da aka ɗora mata. Daga nan a kutsa cikin System Volume Information, jakar da Windows ke hana kowa shiga, a zaƙulo kwafin shekaranjiya, a sake musu suna, a koma Recovery Console a dasa su. Harafi ɗaya aka kuskure a umarni, an koma farko.

Shi "NTLDR is missing" sau da yawa ma bai kai haka ba. Wani lokaci fulofi ne aka manta a ciki, a zare shi magana ta ƙare. In kuwa da gaske ya ɓata, kwafo ntldr da ntdetect.com daga faifan XP ya wadatar.

To me ya sa fomat ya yi nasara? Ba jahilci kaɗai ba ne, lissafi ne. Gyaran rajista yana cin sa'a ɗaya ko biyu na hankalin oga da kansa, kuma ba tabbas. Fomat kuwa yaron shago ma zai yi, ya jera kwamfuta uku a benci, ya saka faifai, kowacce tana nuna masa saura minti 39 yana cin gyaɗarsa. Kuɗin da za a biya kusan ɗaya ne. Mai kayan da ya taso daga Kibiya so yake ya kama motar yamma, ba zai kwana a birni ba. Sannan kwamfutar da aka yi wa fomat tana komawa gida da sauri da sheƙi, an ƙara mata waƙoƙi da karatun Alƙur'ani da wasan kati, mai ita ya ga aikin kuɗinsa. Wadda aka gyara wa rajista kuwa tana komawa yadda take jiya, har mutum ya fara tunanin ko an cuce shi. Akan yi tambayar, gaskiya: "Yallaɓai, akwai wani abu mai muhimmanci a ciki?" Amma ana yin ta ne faifan na hannu, shi kuma yallaɓai bai san cewa duk abin da ya ajiye a kan fuskar allo da cikin My Documents a ɓangaren C yake zaune ba. Sai ya isa gida ya nemi jerin sakamakon ɗalibai, ko takardar cinikin gona da aka buga wa wani bara, ko wasiƙar da za a kai fadar Autan Bawo a Rano, ya tarar wayam.

Dabarar da ta fi ceton mutane a wannan zamani ba daga Microsoft ta zo ba, daga benci ta fito. Masu gyara suka koyi raba had-dis gida biyu, C na Windows, D na mai kaya, su ja masa kunne: "Malam, komai naka ka zuba a D." Da haka fomat ya daina zama gobara. Waɗanda suka fi gogewa suka ƙara da Norton Ghost, manhajar da aka ƙirƙira a New Zealand, Symantec ya saye ta a 1998. Bayan an ɗora Windows da direbobi da Office da komai, sai a ɗauki hoton C gaba ɗaya a fayil guda. Ranar da ta faɗi, a tayar da ita da faifan Hiren's, a maido da hoton cikin minti goma ko sha biyar. Masu kafe sun fi kowa cin moriyar wannan. Matsalarsa biyu. Hoton wata kwamfuta ba lalle ya tashi a wata ba, sai shuɗin allo mai lamba 7B. Ta biyu, yawanci a D ake ajiye hoton, D da C kuwa faifai ɗaya ne, kamar manomin da ya zuba irinsa a rumbun da yake ɗiban na tuwo. Ranar da had-dis ya fara ƙas-ƙas, duka biyun sun tafi tare.

Akwai wani fayil da babu shi a jerin muhimman fayilolin Microsoft, amma ga mai buga Hausa ya fi rajista daraja. A shekarun 1990 Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya tsara haruffan kwamfuta masu ƙugiya, Rabi'at da Abdalla, a lokacin da Windows bai san da ƙ da ɗ da ɓ ba. Dabarar ita ce aron maɓallan da ba a cika amfani da su ba. Mai bugu ya danna alamar baka, a allo ƙ ko ɗ ta bayyana. Da waɗannan haruffa aka buga littattafai da mujallu da takardun jarrabawar Hausa masu ɗimbin yawa, kuma daga hannu zuwa hannu suka yaɗu, a fulofi, daga baya a filash. Fayil ɗin ɗan mitsitsi ne, amma mazauninsa jakar Fonts ce da ke cikin C, kuma faifan Windows bai zo da shi ba.

Saboda haka ko wanda ya bi shawara ya zuba komai a D bai tsira ba. Ya dawo daga birni, takardunsa na nan, ya buɗe tambayoyin jarrabawar da ya kwana yana bugawa, sai ya ga }asa a gurbin ƙasa, ]aya a gurbin ɗaya, ha~aka a gurbin haɓaka. Rubutun bai lalace ba, rigarsa ce aka tuɓe. Amma mai gyaran bai san da wannan ba, domin shi ba ya buga Hausa, mai bugun kuma bai san haruffa fayil ne da ake kwafa ba. Wasu sun zauna sun bi shafi-shafi suna gyarawa da hannu. Wasu sun buga haka, suka ɗauki biro suna lanƙwasa ƙugiya. Har yau mai yawo a intanet yakan ci karo da rubutun Hausa cike da waɗannan alamomi, an kwafo shi daga tsohuwar takarda an manna ba tare da haruffansa ba. Unicode ne ya kashe wannan matsala ga sabon rubutu, tun da yanzu kowane harafi mai ƙugiya yana da lambarsa ta kansa a kowace waya.

Zuwan filash a tsakiyar shekarun 2000 ya sauƙaƙa kwafi, ya kuma buɗe ƙofar annoba. XP yana da ɗabi'ar bin umarnin duk wani autorun.inf da ya gani, saboda haka filash ɗin da ya je kafe a birni ya dawo da tsaraba. Bairos ɗin Brontok, wanda ya taso daga Indonesiya a 2005, yakan kulle hanyar gyara rajista ya ɓoye zaɓin ganin ɓoyayyun fayiloli. Sality ya fi mugunta, yana shiga cikin kowane fayil na manhaja, har da waɗanda aka tara a D don ranar gyara. A yi fomat da safe, a danna direban sauti daga D da azahar, bairos ya dawo kafin la'asar. Har cikin ajiyar System Restore suke laɓewa, wannan ya sa kamfanonin riga-kafi suka riƙa ba da shawarar a kashe shi lokacin wanke kwamfuta. Da yawa sun kashe ba su sake kunnawa ba. Abin mamaki, daga Indonesiyar dai riga-kafin Smadav ya fito, wanda ya zama abokin kusan kowane shagon buga takardu a Arewa.

Mafi ban takaici shi ne bairos ɗin shotkot. Ba ya goge komai, ɓoye jakunkuna yake ya bar inuwarsu. Umarnin attrib ɗin nan na zamanin Windows 95 yana fito da su cikin daƙiƙa. Amma filash nawa aka yi wa fomat da furojet ɗin ɗalibi a ciki, lafiyarsa ƙalau? Sai a watan Fabrairun 2011 Microsoft ya tura gyaran da ya toshe wa filash wannan ƙofa a XP, gyaran da kwamfutar da ba ta taɓa hawa intanet ba ba za ta gani ba.

Sauyin ya zo ta hanyoyi da dama. Windows 7 na 2009 ya iya gane cewa ya kasa tashi ya gwada gyara kansa, Windows 8 na 2012 ya kawo maɓallin sabunta tsari ba tare da taɓa takardun mutum ba. Microsoft ya janye hannu daga XP ranar 8 ga Afrilun 2014, daga Windows 7 ranar 14 ga Janairun 2020. Amma idan za a faɗi gaskiya, abin da ya fi rage saƙon baƙin allo a Rano da Kibiya ba manhaja ba ce, laftof ne. Batirinsa a jikinsa yake, a ɗauke wuta ko a jikinsa. Sola ta zo ta ƙarasa sauran. Da JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta a 2015, sai yaran ƙauye suka fara taɓa linzami tun suna sakandare, masu gyara kuma suka yawaita har ba kowane ciwo ake kaiwa birni ba.

A daidai lokacin da na'urar ta ƙara wayo, ta kuma janye kayan gyaranta daga hannun mai ita. Tun daga fitowar Windows 10 ta Afrilun 2018, jakar RegBack da ke ajiye kwafin rajista ta koma fanko, fayilolin na nan amma nauyinsu sifili. Sai a 2019 Microsoft ya bayyana cewa da gangan ne, don rage cin fili. System Restore kuwa a kwamfutoci da yawa a kashe yake zuwa. Kuma tsohon aikin hannu bai mutu ba. Ranar 19 ga Yulin 2024 wani gurɓataccen fayil da kamfanin tsaro na CrowdStrike ya tura ya kayar da kwamfutoci kimanin miliyan 8.5 a duniya, jiragen sama suka tsaya, asibitoci suka koma biro da takarda. Maganin shi ne a bi su ɗaya bayan ɗaya, a shiga ta Safe Mode, a goge fayil guda. Injiniyoyin manyan filayen jirgin Amurka da Turai sun kwana suna irin aikin da yaran benci a Kano suka ƙware a kai shekara ashirin da suka wuce. Inda aka yi cirko-cirko shi ne kwamfutocin da BitLocker ya kulle, domin sai da makulli mai lamba 48 ake shiga, wasu kamfanonin kuma makullan nasu na cikin wata kwamfutar da ita ma ta faɗi.

Wannan shi ne ciwon yau, kuma a waya ya fi tsanani. Ɗan kasuwar hatsi a Kibiya ko ɗalibar reshen Kano Poly da ke Rano ba su da rajistar da za su kwafa. Android ba ya nuna wa kowa fayilolinsa. Lambobin mutane da hotuna da hirar WhatsApp suna iya hawa Google da kansu, cikin gigabait 15 na kyauta, wanda tun 2024 ajiyar WhatsApp ma a ciki ake lissafa ta. A ka'ida wannan ya fi D da Ghost nesa ba kusa ba, domin kwafin yana wata nahiya, ba ƙura ba gobara. Sai dai duk ginin a kan abu biyu yake tsaye, kalmar sirri da layin waya. Sau tari yaron da ya saita wayar ranar da aka saye ta shi ya ƙirƙiri adireshin Gmail, ya zaɓi kalmar sirri, bai rubuta wa kowa ba. Tun Android 5.1 na 2015, wayar da aka goge da ƙarfi ba ta buɗewa sai an kawo tsohon adireshin. Idan layin da za a turo wa lambar tabbatarwa ya ɓata, ko yana cikin waɗanda aka rufe a rikicin haɗa layi da lambar NIN da aka fara a Disambar 2020, to ajiyar tana can cif, mai ita na kallon ƙofa. A kasuwar waya ta Farm Centre a Kano yanzu ba a cewa fomat sosai, "filashin" ake cewa, kuma tambayar ta zama "Hajiya, kin tuna imel ɗinki?"

Tsofaffin akwatunan ba su ƙare ba. A shagunan hoto da na buga katin biki har yanzu akan ga Windows 7 yana jan tsohuwar firintar da sabon Windows bai san direbanta ba. Wasu kuma na jibge a saman kabad a makarantu da ofisoshi, an yanke musu hukuncin mutuwa tun da daɗewa, alhali sau da yawa akwatin wuta ne ko babban allon ciki ya ƙone, had-dis ɗin na nan da ransa. Irin na da ne mai faffaɗar waya da fil 40, kuma ana samun mahaɗin da ke jona shi da laftof ta USB a kasuwannin kayan kwamfuta na Kano. Windows 11 yana karanta shi, Word na yau yana buɗe takardun 2003. Ko wanda aka yi wa fomat mai sauri, manhaja irin Recuva kan tono abin da sabon rubutu bai hau kansa ba, da sharaɗin kada a ajiye komai a kan faifan kafin a gama. Takardun da aka buga da Rabi'at kuwa ba sai an nemo haruffan ba. Umarnin nema da musanyawa na Word zai mayar da alamomin shida zuwa ƙ da ɗ da ɓ da manyansu. Sai dai a bi a hankali a takardar da ke da lissafi ko nassi a cikin baka, domin Word ba ya bambanta bakar gaske da wadda aka ara, duka zai mayar da su ƙugiya.